Yadda Ake Gwada Gubar Ruwan Kogi Da Albasa

 Darasin da ƴan ajinmu munka zaɓa domin littafin bana ya shafi ruwan kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara.

A darasin fiƙihu mun koyi duba ruwa ta hanya uku: launi, ɗanɗano da wari. Wannan hukuncin tsarki ne. To amma ruwa na iya zama garau, ba wari ba komai, alhali akwai guba narke a cikinsa. Dalma da zaiba ba su canza launin ruwa in sun yi kaɗan, kuma kaɗan ɗin ma cuta ne. Ta yaya talaka zai gane, tunda awon ruwa a ɗakin bincike sai da kuɗi? Masana sun samo wata hanya mai sauƙi: a bar tsiro ya sha ruwan, a ga abin da zai same shi.

Daga ina gubar take zuwa?

Kogin Isa ya taso daga Gine, ya ratsa Mali, Nijar, iyakar Benin da Najeriya, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Nan Yamai daga gare shi ake jan ruwan da ake tacewa a Gudel a turo mana a pampo. Shi ne kuma ke karɓar dattin gari. Kwarin Gunti Yena na kwaso ruwan kwatoci ya zuba a ciki. Ga ruwan jima da na rini, ga baƙin mai na masu wankin mota, ga maganin ƙwari da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Can sama da mu kuma, a yankin kogin Sirba, masu haƙar zinariya na aiki da zaiba da wasu sinadarai masu haɗari. Da rani, in ruwa ya ja baya, dattin sai ya ƙara ƙarfi, don ba ruwan da zai tsarma shi.

Me ya sa albasa?

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Albert Levan, shi ya fara amfani da saiwar albasa wajen irin wannan gwaji a 1938. A 1985 wata masaniya a can Suwidin ɗin, Geirid Fiskesjö, ta tsara shi yadda zai dace da awon gurɓatar ruwa. Dalili kuwa, saiwar albasa na tsiro da sauri, kuma bakinta wuri ne da ƙwayoyin halitta ke ta rabuwa ba tsayawa. Da guba ta taɓa su sai rabuwar ta ragu, saiwa ta tsaya gajera. Mu kam mun yi sa'a, albasa ba baƙuwarmu ba ce, ta Galmi ma har ƙasashen waje an san ta.

Yadda ake yi

1. A samo ƙananan albasa masu girma ɗaya, waɗanda sunka ɗan jima a ajiye. Wadda anka cire daga gona jiya-jiya ba ta saurin fidda saiwa.

2. A ɓare busasshen ɓawo, a kankare tsohuwar saiwa a hankali, kada a yanke gindin, don daga nan sabuwa za ta fito.

3. A ɗebo ruwan kogi a jarka mai tsabta, a rubuta wuri da rana. A raba shi kashi uku: ɗaya zalla, ɗaya rabi da rabi da ruwa mai kyau, ɗaya kuma kofi 1 na kogi da kofi 3 na mai kyau.

4. A ware kashi na huɗu, ruwa mai kyau zalla. Shi ne ma'aunin da za a gwada sauran da shi. In babu shi, aikin banza aka yi.

5. Kowane kashi a ba shi kwalba 10, kowace kwalba albasa ɗaya a bakinta, gindin kawai ke taɓa ruwa.

6. A ajiye su wuri ɗaya mai duhu da sanyi-sanyi, a riƙa canza ruwan kullum. Lokacin ɗari ya fi dacewa.

7. Bayan kwana 3 ko 4 a auna tsawon saiwoyin da santimita, a fidda matsakaicin kowane kashi.

Yadda ake karanta sakamako

Mu ɗauka saiwar ruwa mai kyau ta kai santimita 4, ta ruwan kogi zalla ta tsaya a 2. Ke nan tsiro ya ragu da kashi 50 cikin 100, alamar akwai abin da ke cutar da ita. In kuma saiwa na ƙara tsawo daidai yadda anka ƙara tsarma ruwan, to zargi ya ƙara ƙarfi cewa daga ruwan ne. A duba kamanni ma. Lafiyayyar saiwa fara ce miƙaƙƙiya. Wadda ta sha guba takan yi ruwan ƙasa, ta lanƙwashe kamar ƙugiya, ko bakinta ya kumbura. Masu madubin likita sukan wuce nan, su kalli zaren gado 16 da ke cikin kowace ƙwayar halittar albasa, su ga ko sun kakkarye. Ana yin irin gwajin da irin salati ma: a shimfiɗa ƙwaya 20 a kan takarda mai jiƙe da ruwan, bayan kwana 5 a ƙirga waɗanda sunka tsiro.

Abin da albasa ba ta iya faɗi

Nan fa a yi hattara. Albasa na nuna akwai guba, ba ta faɗin sunan gubar, wannan sai ɗakin bincike. Kuma ba ruwanta da ƙwayoyin cutar kwalara, taifot ko tsargiya. Kai, ruwan kwata mai kashi a ciki na iya sa saiwa ta fi tsawo, don taki ne a wurinta. Saboda haka doguwar saiwa ba izinin sha ba ce. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fidda dalma ko zaiba.

Shawararmu

Amfanin gwajin ya fi fitowa in an kwatanta wuri biyu: sama da inda kwata ke zuba, da ƙasa da shi. In bambanci ya fito, a maimaita, sannan a kai rubutaccen sakamako ga mai unguwa da ma'aikatan tsabta. Masu lambu na bakin kogi su ma za su so su sani, tunda salatin da suke ba ruwan nan shi ke shiga kwanonmu. Mai ɗiban ruwa ya sa safar hannu, yara kada su je bakin kogi ba babba, albasar gwaji kuma a binne ta, kada ta shiga miya.

Allah ya ba mu lafiya da ruwa mai albarka, amin.