Cutar Karkarwa: Yadda Takan Bambanta Tsakanin Maza da Mata

Jama'a, akwai wata cuta da kan kama dattawa: hannu ya riƙa rawa ko da mutum yana zaune, jiki ya sandare, tafiya ta yi nauyi. A garuruwa irin su Ibeto ta ƙasar Kontagora akan ɗauka tsufa ne kawai, ko sammu. Ba haka ba ne. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana a 1817, ake kuma kiranta da sunansa. Takan samu ne idan ƙwayoyin da ke yin sinadarin dofamin suna mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019.

Abin lura shi ne, ba ta yi wa maza da mata kamu ɗaya. Maza ta fi kamawa, kuma su ne tunaninsu ya fi saurin raunana: magidanci ya rikice a lissafin amfanin gonarsa, ko ya kasa tsara aikin yini. Mata kuwa, da yake galibi ba su kai maza nauyi ba, maganin lebodofa yakan fi yi musu ƙarfi, har gaɓoɓi su riƙa murɗawa da kansu. Saboda haka dole likita ya san nauyin majinyaci.

Rama ma alama ce, ga namiji da mace duka. Karkarwa tana cin ƙarfi, haɗiya tana wuya, ƙamshin abinci ba ya jiyuwa. Bincike ya nuna wanda ya rame da wuri, tunaninsa ya fi saurin raunana.

To, ga abin yi:

1. A auna nauyin majinyaci kowane wata a asibitin da ke kusa, a rubuta.
2. A ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, kamar kunun gyaɗa da fura da nono.
3. A sha magani rabin sa'a kafin abinci.
4. Kada miji da mata su yi aron maganin juna.
5. In mantuwa ta soma, a gaya wa likita.

Har yanzu ba a sami maganin warkewa ba, amma kulawa da wuri takan sa dattijo ya daɗe yana yi wa kansa hidima.