Ɗana, Kafin Ka Rufe Injin Nan

Ɗana, saƙonka ya iso, tare da hoton tsohon bulon Chevrolet 350 da ka saya a can Amurka. Ka ce so kake ka mai da shi 383, irin wanda suke kira sitiroka, ka shiga tseren kwata mil da shi. Madalla. Ba zan hana ka ba. Na san hannunka, na kuma san ba ka da ƙiwa. Sai dai ka ajiye sifanar tukuna, mu ɗan yi magana.

Ka san dabarar da muke yi idan noti ya ƙi kwancewa. A zura wa sifana dogon bututu, a danna, sai ya saki. To, sitiroka ke nan. Ana sa karanshaf mai dogon hannu, fistin ya ƙara nisan hawa da sauka, silinda ta ƙara shaƙar iska da mai, ƙarfin murɗa ya ƙaru. Injin 350 faɗin silindarsa inci 4 ne, tafiyar fistinsa inci 3.48. A shekarar 1970 Chevrolet ta fito da inji 400, mai tafiyar inci 3.75. Sai masu tsere suka lura ana iya ɗauko karanshaf ɗin 400, a rage kaurin wuraren da yake kwanciya daga inci 2.65 zuwa 2.45, a kwantar da shi cikin bulon 350. In aka ƙara wa silinda faɗin inci 0.030, lissafi ya ba da 383. Lita 5.7 ta koma lita 6.3. Mutanen Ford ma haka suke yi, su mai da 302 ya zama 347. Yau ba sai ka je neman tsohon karanshaf ba, ana sayar da sabo da aka ƙera don wannan aikin.

Yanzu dubi abin da aka ƙara. Inci 0.27 ne kacal, bai cika milimita 7 ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan ɗan ƙarin ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba. Sai ya bi injin lungu-lungu, ko'ina ya je sai an biya shi.

Rabinsa sama yake tafiya, rabinsa ƙasa. Wato fistin zai ƙara hawa da inci 0.135, ya ƙara sauka da inci 0.135. In ka bar tsohon fistin da tsohon kwanrod mai inci 5.7, kan fistin zai leƙo waje ya gaisa da tofsilinda, kuma gaisuwar ba ta alheri ba ce. Mutanen da can sukan sa gajeren kwanrod na 400, mai inci 5.565, lissafi ya daidaita. Yanzu an fi sayen fistin da aka ɗaga ramin fil ɗinsa sama. Wasu kuma dogon kwanrod suke so, mai inci 6, don ya rage yadda fistin ke jingina da bangon silinda. Za ka ji ana musu a kan wannan har dare ya raba. A ganina bambancin bai kai yawan surutun ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne fistin da kwanrod da karanshaf su zama an yi su don juna. Kada ka tsinto wannan a nan, wancan a can, don ka ga sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado.

Can ƙasa kuwa, nan ne aikin haƙuri yake. Gindin kwanrod yanzu da'irar da yake zagawa ta fi ta da faɗi. Kan kusoshinsa zai nemi taɓa ƙasan silinda da gefen bulo inda kwanon baƙin mai yake zama. Wani lokaci har kamshaf yakan nema. Ga yadda za ka yi. Ka kwantar da karanshaf, ka ɗaura fistin ɗaya da kwanrod ɗinsa, ba ringi. Ka juya da hannu, a hankali, kunnenka kusa da ƙarfen. In ka ji ɗan "ƙas", ko ka ji hannunka ya yi nauyi a wani wuri, tsaya nan. Shafa tawada a kan kusar, sake juyawa, ka duba inda ta bar shaida a jikin bulo. Kwance, ka goge wurin kaɗan, ka wanke, ka sake ɗaurawa. Ka bar tazara wajen inci 0.060, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi yana gudu. Haka za ka bi dukkan takwas ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka riƙa ci kaɗan-kaɗan. A bayan bangon nan ruwa ke wucewa. Na ga wanda ya ci ƙarfe da zafin nama har ya ɓulla hanyar ruwa, bulon da ya kashe wa kuɗin wata uku ya zama na masu gwangwan. Ƙarfen da ka goge ba ya komawa.

Sai maganar daidaita nauyi. Asalin karanshaf ɗin 400 ba ya daidaita da kansa, sai an taimaka masa da nauyi daga waje, a filawil ta baya da kuma faifan da ke gabansa. Sababbin kuwa akwai masu wannan hali, akwai waɗanda nauyinsu duk a ciki yake. Ka tambayi wanne ka saya. In ka haɗa filawil ɗin wani da karanshaf ɗin wani, injin zai tashi, amma zai yi ta rawar ɗari yana cin metal a ɓoye. Ka kwashi karanshaf da fistin da kwanrod da ringi da metal da filawil, ka kai wa masu na'urar awo su daidaita su tare. Wannan kuɗi ne da ba a jin ciwonsa daga baya.

Kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali. Ba don mai kayan maƙaryaci ne ba, a'a, mutum ne kawai, kuma injin masana'anta ma yakan yi kuskure. Ka auna komai da kanka. Tazarar metal, ƙa'idar da aka saba ita ce inci 0.001 ga kowane inci na kaurin karanshaf, don haka a naka za ka nemi wajen 0.0025. In ta matse, baƙin mai ba zai sami wurin kwanciya ba, inji ya kama. In ta yi yawa, ƙarfin mai ya faɗi. Ringi kuma, ka zura kowanne cikin silindar da zai zauna, ka daidaita shi da kan fistin, ka auna bakinsa. Na sama yana son kusan inci 0.018 zuwa 0.020 a faɗin silinda irin taka. In bakin ya yi kaɗan, zafi zai sa ya haɗe, ya rasa inda zai miƙe, ya ɓalle kan fistin. Af, in ka san a ranka akwai niyyar sa masa iskar naitros wata rana, to ka faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu, domin ita tana son baki mai faɗi, kuma yanzu ne magagari ke hannunka.

Akwai awon da nake so ƙwarai, don yara ma za su iya shi. Ka liƙa ɗan yumɓu a kan fistin, ka ɗora tofsilinda, ka juya inji zagaye biyu da hannu, ka buɗe. Za ka ga sawun bawul a jikin yumɓun. Yanka shi da reza ka auna kaurin abin da ya rage. Bawul ɗin shiga yana son aƙalla inci 0.080, na fita 0.100, don shi ya fi ɗaukar zafi. Ka kuma tuna matsi ya ƙaru. Silinda ta ƙara girma, ɗakin ƙonewa yana nan yadda yake. Injin da matsinsa yake 9 da 1 sai ka ga ya doshi 10. In fetur ɗin da kake zubawa bai iya ɗaukar wannan ba, zai riƙa fashewa kafin lokacinsa, kuma a cikin ƙarar tsere ba za ka ji ba sai fistin ya huje.

Kafin haɗawa ta ƙarshe, ka wanke bulon da ruwan zafi da sabulu, ka bi hanyoyin mai da burushi. Ka goga farin ƙyalle a bangon silinda. In ya fito da toka-toka, koma wanki.

Na san abin da ke cikin zuciyarka, juyi. Kana son ka ji shi yana kuka a 7,000. Bari in ba ka lissafi mai sauƙi. A juyi 6,000 cikin minti, fistin ɗin 350 yana cin ƙafa 3,480 a minti. Na 383 yana cin ƙafa 3,750. Kuma a kowane zagaye sai ya tsaya cak sau biyu ya juya. Nauyin da kusoshin kwanrod ke ɗauka ba a hankali yake hawa ba: in ka ninka juyi biyu, shi sai ya ninka huɗu. Shi ya sa a kan kusoshin nan ba a rowa. Sitiroka kyautarsa a ƙasa da tsakiya take, a ƙarfin da ke fizgar mota daga tsaye. Ka bar shi ya yi abin da ya iya. Ka kuma ba shi tofsilinda mai wadatar hanyar iska, in ba haka ba numfashinsa zai ƙare tun ana tsakiyar tafiya.

Idan ka gama, kada ka jefa shi cikin mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai shi wurin masu daino, na'urar da ake ɗaure inji a kai a danne shi da nauyi a auna ƙarfinsa. Ita ƙarfin murɗa take aunawa. Ƙarfin doki lissafi ne: a ninka murɗa da juyi, a raba da 5,252. In kamshaf ɗinka irin na da ne, marar ƙananan tayoyi, tashin farko sai an riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, da baƙin mai mai sinadarin zinki. Kada ka bar shi yana silo. In kamshaf ɗin ya cinye a wannan rabin awar, garin ƙarfensa zai zaga injin gaba ɗaya.

Bayan nan ka kwance filtar mai, ka yanka gwangwaninta, ka warware takardar ciki a rana. Ɗan ƙyalli mai laushi ba komai, sabon inji ne. Amma in ka ga ɓarɓashi ruwan jan ƙarfe, metal ne yake ba ka labari. Ka saurare shi. Buɗe inji a wannan ranar ciwon kai ne na sati ɗaya. Ƙin buɗewa kuwa, kwanrod ne zai buɗe maka taga a gefen bulo.

In filta ta fito lafiya, sai a fara ja. Mai daino zai nemi cakuɗin iska da fetur wajen 12.5 zuwa 13 da 1, ya nemi lokacin wuta, wanda a irin wannan inji yakan zauna kusa da digiri 34 zuwa 36. Abu ɗaya ake canzawa a kowane ja, a rubuta. In ka taɓa kafireta da wuta a tare ƙarfi ya ƙaru, wa za ka gode wa? Kuma kada babbar lambar da ke ƙololuwa ta ɗauke maka hankali. Abokai ita za su tambaya. Kai ka dubi ƙarfin da ke shimfiɗe tsakanin juyin da kake tashi da juyin da kake canza giya, domin a nan motar za ta yi rayuwarta.

Sai fili. Ka ji ni da kyau a nan, ɗana: fili na ce, ba titi ba. Wally Parks ya kafa hukumar NHRA a 1951 don a janye samari daga tsere a kan titunan jama'a, a kai su inda akwai shinge da motar asibiti da masu duba mota. Kwata mil ƙafa 1,320 ne, mita 402. Gajere ne a ido. Amma a 2008 Scott Kalitta, ƙwararren direba, ɗan gidan tsere, ya rasu a filin Englishtown da ke jihar New Jersey, kuma daga nan aka rage wa manyan motoci masu shan naitiro nisa zuwa ƙafa 1,000. Masu waɗannan motoci mutane ne da ke kwance inji su sake haɗa shi bayan kowane gudu ɗaya. In masu duba mota suka ce sai ka sa hular kwano, ko sai ka gina kejin ƙarfe saboda motarka ta kai wani sauri, kada ka ɓata rai. Kusan kowace doka a littafin dokokinsu, wani ne ya ji ciwo kafin a rubuta ta.

Ranar farko ba don nasara za ka je ba. Ƙarfin da ka ƙara zai nemi mai rauni a bayansa, ko giya, ko aksil na baya, ko taya ta yi ta juyawa a banza tana hayaƙi. Ka tashi a hankali, ka ƙara kaɗan a gudu na gaba. Idan aka miƙo maka 'yar takardar lokaci, ido zai ruga layin ƙarshe. Dawo da shi sama, wurin lokacin ƙafa 60 na farko. Abin da ka rage a nan yakan fi haka yawa a ƙarshen fili, kuma sau da yawa gyaransa iskar taya ce da ƙafafun mota, ba inji ba. Ka rubuta zafin rana da laimar iska a gefen takardar, don inji ɗaya ba ya ba da lokaci ɗaya da safe da azahar.

Ka fara da rukunin da kowa ke rubuta lokacin da yake sa ran yi a gilashin motarsa. A can, wanda ya fi jinkiri shi ake fara saki, kuma in ka yi sauri fiye da abin da ka rubuta ka faɗi. Mai tsohuwar mota da ta san lokacinta yakan kori mai kuɗi gida. Za ka haɗu da dattawa a wurin, masu fararen gemu da tsofaffin littattafan rubutu duk baƙin mai. Ka gaishe su, ka riƙe musu fitila in suna aiki, ka tambaye su iska nawa suke sa wa taya a wannan filin. Yawancinsu za su faɗa maka.