Shawara ga Matasan Bahri: Yadda Za Ku Kafa Dandalin Wasan Jirage

Wasan ƙananan jiragen yaƙi a kan tebur ba ya buƙatar lantarki ko intanet. A Italiya aka fito da irin wannan wasa mai suna Wings of War a 2004, daga baya ya koma Wings of Glory. Kowa zai ɓoye katunan tafiyar jirginsa, a buɗe su tare, sannan a auna da ma'auni a ga wanda harbi ya samu.

Da farko ku tsayar da rana guda, kamar Juma'a bayan la'asar, kada ku riƙa canja ta. Ku nemi izinin dattawan unguwa, ku sami zaure ko inuwa a Shambat ko Halfaya. Tunda an rushe gadar Shambat da ke haɗa Bahri da Omdurman a Nuwamban 2023, ku tashi kafin magariba domin 'yan Omdurman su koma gida da wuri.

Kayan wasan suna da tsada. Ku yanka kwali, ku zana jiragen Sopwith Camel da Fokker Dr.I, ku yi karo-karo na shayi. Mutum huɗu sun isa a fara. Sabon zuwa a zaunar da shi kusa da gwani, a ba shi jirgi tun ranar farko.

Ku tuna cewa tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 mutane da yawa sun rasa 'yan uwa ta hanyar luguden wuta ta sama. Wanda ransa bai kwanta da wasan ba, a shimfiɗa masa dara ko ludo. Zumunci ake nema, ku riƙe shi da kyau.