Kukan Inji Bayan Sauya Bel ɗin Taimin

Zuwa ga Malam mai filin shawarwari,

Ina da mota Golf 3 wadda nake jigilar fasinja da ita tsakanin Zariya da Kano, kuma tun ranar da aka sauya mata bel ɗin taimin take wani siririn kuka daga gefen inji, wanda ke ƙaruwa in na taka totur. Makanikena ya ce sabon bel ne, zai zauna, har ma ya ƙara ɗaure shi, amma kukan sai abin da ya yi gaba. Ina neman shawara kafin ta kwanar da ni a hanya.

Wani direba, Zariya

Ya ɗan'uwa, Allah ya kiyaye hanya. Ka sani cewa wannan bel shi ne wasiɗa tsakanin karanshaf da kamshaf, domin bawul su buɗe su rufe a kan ƙa'ida, ita kuwa tenshina aikinta ta riƙe shi bisa adalci. Idan ya yi sako-sako sai ya riƙa dukan murfinsa har ya tsallake haƙori, idan kuma aka tsananta masa sai ya yi irin kukan da ka siffanta, yana cin boris a ɓoye. Saboda haka ƙarin ɗaurin da aka yi, a ganina, zuba wa wuta fetur ne.

In injinka mai bawul takwas ne, kuma tenshinarsa ta hannu ce, to, a bari ya huce, a cire murfi, a kama bel ɗin da babban yatsa da manuniya a tsakiyar doguwar tazararsa, a murɗa: ya kamata ya juya daraja 90 da ƙyar, har gefensa ya fuskance ka. In ya ƙi kaiwa, an wuce haddi. Sai a sassauta noti, a juya tenshinar da sifana mai hanci biyu da ke shiga ramukan fuskarta, a ɗaure a kan Nm 45, sannan a juya injin da hannu sau biyu cikakku, a tabbatar alamomin taimin sun koma mazauninsu kafin a taɓa makulli.

Amma abin da na fi zato shi ne an sa sabon bel a kan tsohuwar tenshina, al'adar da ƙarancin kuɗi ya mayar tamkar sunna a garejojinmu. A sauke bel ɗin, a juya tenshinar da yatsa; matuƙar ta yi gurnani, ko ta yi lilo, ko an ga giris ya tsattsafo, to, babu gyaran da zai amfane ta. Kada kuma a yarda wani ya ɗiga wa bel baƙin mai don ya yi shiru, gama mai yana lalata roba, kuma a injuna da yawa tsinkewar bel na nufin fistin ya haɗu da bawul. Ka ajiye motar yini guda, ka sayi sabuwar tenshina, ka tsaya a ɗaura ta a gabanka.