Yadda Ake Ɗaure Kayan Zane da Kwance Su a Figma

Katin kaya guda ɗaya a fuskar manhajar saye da sayarwa yakan ƙunshi abubuwa huɗu ko biyar: hoton takalmi, sunansa, farashinsa, da maɓallin da aka rubuta wa "Saya". A idon mai waya abu ɗaya ne, amma a wurin manhajar zane kowanne zaman kansa yake yi. Idan mai zane ya ja hoton zuwa dama, farashi na nan inda aka bar shi. Shi ya sa kusan kowace manhajar zane ta tanadi hanyar ɗaure abubuwa su zama rukuni ɗaya, da hanyar kwance su.

Figma, wadda Dylan Field da Evan Wallace suka kafa a Amurka a 2012, aka kuma buɗe ta ga kowa a 2016, ta samu karɓuwa saboda a cikin burauza take aiki. Ba sai mutum ya mallaki kwamfutar Apple ba, saɓanin Sketch da ta riga ta fitowa.

Aikin yana farawa da zaɓe. Mai zane zai danna hoton, ya riƙe maɓallin Shift, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ya ja linzami ya kewaye su gaba ɗaya. Daga nan sai Ctrl da G a Windows, ko Cmd da G a Mac. Wanda bai haddace maɓallan ba zai iya danna ɓangaren dama na linzami ya zaɓi Group selection. Nan take jerin da ke gefen hagu zai naɗe abubuwan huɗu a ƙarƙashin suna ɗaya, Group 1. Gara a sauya wannan suna tun da wuri da Ctrl da R, domin fayil mai rukuni hamsin da babu mai sunan kirki a cikinsu azaba ne ga duk wanda ya gaji aikin.

Ba sai an kwance rukuni ake gyara abin da ke cikinsa ba, kuma nan ne sababbin shiga suka fi ɓata lokaci. Danna sau biyu yana shigar da mutum ciki. Riƙe Ctrl a danna farashin yana kai hannu kansa kai tsaye, ko da rukuni uku ne a cikin juna. Enter na gangarawa zuwa abubuwan ciki, Shift da Enter na hawowa waje.

Kwancewa kuwa Ctrl da Shift da G ne. Wanda ya taso a kan CorelDRAW, manhajar da ta mamaye shagunan buga katin aure da kalanda a Kano da Kaduna, hannunsa ya saba da Ctrl da U. A Figma waɗannan maɓallan layi suke ja a ƙarƙashin rubutu, rukunin kuma yana nan daram.

Akwai abubuwan da kwancewa ba ta mayarwa. Lokacin ɗauri, manhajar takan tattaro abubuwan zuwa mataki ɗaya a jerin, don haka wani abin da a da yake tsakaninsu zai iya komawa bayansu ya ɓuya. Kwancewa ba ta maido da tsohon jeri. Haka inuwa ko dusashewar launi da aka sa wa rukunin kansa, tare suke tafiya da shi. Idan yanzu aka ɗaure kuma aka ga ɓarna, Ctrl da Z ya fi kwancewa amfani.

Sai batun girma. Jan kusurwar rukuni yana buɗa hoto da maɓalli, amma haruffa ba sa ƙaruwa, akwatin rubutun ne kawai ke faɗaɗa. Mai son komai ya girma tare sai ya danna K kafin ya ja.

Babban abin da ya kamata mai koyo ya gane shi ne bambancin rukuni da firam. Rukuni kamar damin gero yake: girmansa iyakar abin da aka ɗaure ne, a zare zangarniya ya rame, a zare ta ƙarshe ya ɓace gaba ɗaya. Ba shi da launin bango na kansa, wanda ya zuba masa launi abubuwan ciki ya rina. Firam, wanda ake yi da Ctrl da Alt da G, yana da tsawo da faɗin kansa, yana ɗaukar launi, yana iya datse abin da ya leƙo waje, kuma ana iya umartar maɓallin "Saya" ya manne a kusurwar dama komai faɗin waya. Tun daga ƙarshen 2019 Figma ta ƙara tsarin Auto layout, wanda Shift da A ke kunnawa: idan aka mayar da "Saya" ya zama "Zuba a kwando", maɓallin da kansa zai buɗe ya ɗauki rubutun. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga mai fassara manhaja daga Turanci zuwa Hausa, inda kalma ɗaya kan zama uku.

Saboda haka rukuni ya dace da sassan tambari, ko tarin abubuwan da ake son matsarwa na ɗan lokaci. Katin kaya, maɓalli, da duk abin da za a miƙa wa mai rubuta manhaja ya gina, firam ya kamata a yi musu tun farko.