Darasi na Tara: Horon Yara

Abin karantawa: Misalai 13:24, Afisawa 6:1-4, Kolosiyawa 3:20-21.

Babu mai bi da yake musun cewa yaro yana bukatar horo. Gardamar da akan yi cikin ikkilisiyoyi a kan irin horon ne. Wani uba yakan ce da bulala aka rene shi, ga shi kuwa bai lalace ba. Wata uwa takan yi shiru, amma hankalinta bai kwanta ba, gama ta lura ɗanta bai bar laifi ba, sai dai ya koyi ɓoye shi. Saboda irin wannan uwa muka shirya darasin nan.

Mu da muke aikin juya Littafi Mai Tsarki mun sha fama da wannan kalma, horo. Wadda Manzo Bulus ya mora cikin Afisawa 6:4 da Helenanci ta fito daga kalmar da take nufin yaro, ma'anarta kuwa ta ƙunshi dukan reno, watau koyarwa da kwaɓa da gyara. Ba za mu ɓoye ba, Misalai sun ambaci sanda, a sura 23 ma maganar bugu ce a fili. Amma Bulus, wanda ya san Misalai sarai, ya sa wa ubanni iyaka. Ya hana su tsokanar 'ya'yansu, a cikin Kolosiyawa kuma ya faɗi dalili, wato kada zuciyar yaron ta karaya. Icce tun yana ɗanye akan tanƙwara shi, gaskiya ne, amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam.

Bari mu ga abin da masu bincike suka gano. A shekarar 1954 wata masaniya mai suna Mary Ainsworth ta fara ziyartar gidaje a ƙauyukan da suke kewaye da Kampala, ƙasar Yuganda, tana zaune wurin mata masu goyo tana duban al'amuransu wata da watanni. Ta ga jaririn da ya amince da uwarsa ba ya yawan kuka, yakan rarrafa ya tafi binciken tsakar gida, ya komo ya taɓa ta, ya sāke tafiya. Daga baya ta yi irin wannan aiki a Baltimo ta Amurka, ta iske jariran da ake amsa kukansu da sauri cikin watannin fari su ne masu ƙarancin kuka wajen ƙarshen shekara. Ashe ɗaukar jariri ba ya sangarta shi. A nan ya kamata mu da muka zo daga ƙasashen Turawa mu sunkuyar da kai, gama a 1928 wani shahararren masani na Amurka, John Watson, ya gargaɗi iyaye kada su riƙa rungumar 'ya'yansu. Macen da take goye da ɗanta tana daka ta fi shi sanin gaskiyar wannan magana.

Akwai kuma zancen ƙwaƙwalwa. Sashen da yake bayan goshi, wanda da shi mutum yake kame kansa, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Domin haka ɗan shekara uku da ya faɗi ƙasa yana birgima ba tawaye yake yi ba, fushi ne ya fi ƙarfinsa. Daga wurin babba zai koyi hucewa. In babban ma ya tashi da tsawa, wa ya rage da zai koya masa?

Cikin shekarun 1960 Diana Baumrind ta Jami'ar Kalifoniya ta kasa iyaye kashi uku. Akwai masu doka ba bayani, akwai masu sakaci da ba su iya cewa a'a, akwai kuma masu riƙe doka da ƙarfi amma da ƙauna, suna faɗa wa yaro dalili. 'Ya'yan na ukun nan suka fi kamun kai da dogara ga kansu. A lura, binciken bai goyi bayan sakaci ba ko kaɗan. Labarin Eli da 'ya'yansa cikin 1 Sama'ila ya ishe mu gargaɗi a kan wannan.

To, bugu fa? A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara bincike 75 da aka yi cikin shekara 50, a kan yara fiye da 160,000. Bugun da suka duba ba na mugunta ba ne, na tafin hannu ne irin wanda iyaye suke ɗauka ba kome ba. Ba su iske yana gyara hali ba. Sai suka iske yana tafiya tare da ƙarin faɗa da taurin kai da damuwar zuciya. Wani zai ce ai yaro mai ƙiriniya shi ya fi shan duka tun asali. Haka ne, amma binciken da ya bi yara shekara da shekaru ya nuna halin yana ƙara ɓaci bayan dukan. Bulala takan tsai da laifi a wannan sa'a, shi ya sa take ruɗin iyaye. Ƙasar Suwidin ce ta fara hana dukan yara a gida da doka, a 1979, ƙasashe fiye da 60 kuma sun bi ta.

A ce an aiki ɗan shekara shida ya sayo man gyaɗa, ya tsaya wasa a hanya, kwalba ta fashe. Da fari uwa ta dakata har zuciyarta ta huce. Sa'an nan ta rarrabe, gama fashewar kwalba tsautsayi ne, tsayawa wasa shi ne laifin. In ta hukunta shi saboda man, abin da zai koya shi ne kuɗi sun fi gaskiya, gobe kuwa zai ce wani ne ya ture shi. Ta kira shi gefe, ba a gaban tsaransa ba, ta faɗi laifin da kalmomi kaɗan, ta hana shi fita wasa a wannan yamma, ta kuwa cika abin da ta faɗa. Kada ta hana shi tuwo, kada ta tsorata shi da dodo, kada ta kira shi ɗan banza. Da dare ta ja shi jikinta. Kashegari ta sāke aikensa, in ya komo da sauri ta yaba masa, gama yaro yakan maimaita abin da aka yaba.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Waɗanne abubuwa ne uba yake yi da suke karya zuciyar ɗansa ko da bai taɓa shi ba?
2. A gidan da kaka da kawu da yayye duk suke da hannu cikin reno, ƙaƙa za a yi su zama baki ɗaya a kan doka?
3. Kowa ya tuna da horo guda da aka yi masa yana yaro. Me ya koya daga ciki, abin da aka nufa ko wani abu dabam?