Darasi Daga Fam Biyar da Sule Biyar

A shekarar 1788 wasu manyan Ingila goma sha biyu, ciki har da Joseph Banks, suka kafa ƙungiya a Landan domin binciken tsakiyar Afirka. Kowannensu ya yi alkawarin fam biyar da sule biyar duk shekara. Manzanninsu biyu, Ledyard da Houghton, suka mutu a hanya, amma karo-karon bai yanke ba. Bayan Mungo Park ya isa Kogin Kwara a Segu a 1796, gwamnati ta ɗauki nauyin tafiyarsa ta 1805, wadda ajalinsa ya katse a Busa.

Mai karatu ya lura: ɗan kuɗi mai ɗorewa ne ya buɗe baitulmalin gwamnati, kuma turbar da suka share ita 'yan mulkin mallaka suka biyo.